Kalmar Corpus da Shaidun Harshen Hausa

Jama'a masu sauraronmu na Tudun Wadan Dankadai da Bebeji da Kiru da Doguwa, da duk inda muryar wannan gida take kaiwa. Sharhinmu na yau a kan wata kalma ce ta Turanci, wadda 'ya'yanmu masu karatun harshe a jami'o'i da kwalejojin horon malamai suka fara dawowa gida da ita a bakinsu, har wasu ma'aikatan jarida sun soma jefa ta cikin zance ba tare da sun tsaya sun warware wa kowa ita ba. Da haruffa shida ake rubuta ta, C, O, R, P, U, S, Bature yana furta ta kamar a ce kofas, in kuwa abin ya wuce ɗaya sai ya ce kofora, domin jam'inta ƙa'idar Latin ya bi, harshen Rumawan dā, inda aka aro ta. A can ma'anarta jiki, na mutum ko na dabba, mai rai ko wanda rai ya rabu da shi.

Kada mai sauraro ya ɗauka baƙuwa ce ƙwarai, gama danginta sun daɗe da sauka a garuruwanmu. Saurayin nan mai kakin bautar ƙasa da ake turo mana ya koyar a sakandare, wanda yara suke kira kofa tun da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa wannan aiki a 1973, sunan nasa daga wata kalma ya fito mai nufin runduna, watau mutane masu yawa da aka haɗa suka zama jiki guda, ita kuwa ta biyo ta Faransanci ne daga wannan tushe. Haka kuma kofareshan ɗin da ake liƙa wa sunan kamfanin Gaskiya na Zariya, wanda aka kafa a 1945. Kai, har kalmar da Bature yake kiran gawa da ita 'yar ɗakinsu ce, furucinsu kuma ya yi kusa ƙwarai, saboda haka ɗalibi ya kiyaye harshensa gaban malamansa, kada ya tafi neman tarin rubutu a ji yana cigiyar mamaci.

A wajen ma'abota littattafai, ma'anar da ta fara kafuwa ita ce jimillar abin da aka rubuta a wani fanni, ko jimillar abin da wani malami ya wallafa, an tattara shi wuri ɗaya ba a bar komai a baya ba. Mashahurin misali shi ne dokokin Rumawa, waɗanda Sarki Justiniyan ya sa malaman shari'arsa suka tattara a birnin Kustantiniya tsakanin shekarar 529 da 534 ta Miladiyya, kafin haihuwar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da shekara 30 da ɗoriya. Malaman Turai na baya su ne suka raɗa wa wannan tari suna da kalmar tamu. Bisa wannan ma'ana, aikin da Jean Boyd da Beverly Mack suka fitar a 1997, inda suka haɗa rubuce-rubucen Nana Asma'u 'yar Shehu na Larabci da Fulatanci da Hausa cikin littafi guda, shi ma ya cancanci sunan.

Amma ma'anar da ɗalibanmu suke nufi yau ta malaman lugga ce, kuma ta bambanta da waccan ta wata fuska mai girma. Rubutun malami ɗaya yana da iyaka, ana iya tattara shi duka a ce an gama. Harshe kuwa, wanda miliyoyin mutane suke magana da shi safe da yamma, a gona da kasuwa da ɗakin amarya da zauren alkali, babu mahalukin da zai iya tattara shi duka, ko da an ba shi tsawon ran Annabi Nuhu. Tun da haka ne, abin da ya rage wa mai nazari shi ne ya ɗebi wani sashe ya yi hukunci da shi a kan sauran, kuma dukan wahalar wannan ilimi tana cikin yadda za a yi ɗibar. Ku mutanen Tudun Wada kun fi kowa sanin wannan, domin dillalin shinkafa da ya san aikinsa ba ya yanke wa buhu kuɗi da abin da ya gani a baki, inda mai kaya ya zuba mai kyau. Sai ya tura hannu tsakiya, ya lalubo ta ƙasa, ya haɗa a tafinsa ya duba, sa'an nan ya yi tayi. To, a isɗilahin malaman lugga, kofas shi ne tarin magana da rubutu na haƙiƙa, wanda mutane suka faɗa ko suka rubuta don buƙatar kansu, ba wanda malami ya ƙaga a kan allo don ya gyara ƙa'idarsa ba, an ɗebo shi daga kowane irin zance bisa gwargwado, an rubuta asalin kowane yanki a jikinsa, an kuma ajiye shi yadda za a iya bincika shi a ƙidaya abin da ke ciki. In ɗayan waɗannan sharuɗɗa ya faɗi, abin da ke hannunka tarin takardu ne kawai. Gidan Arewa na Kaduna da Gidan Ɗan Hausa na Kano cike suke da takardu masu daraja, amma ma'ajiya ce, sai an shiga an zaɓo an tsara kafin a sami abin da muke magana a kai.

Wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaure ya karanci nahawu, daga Ajurumiyya har Alfiyyar Ibn Malik, ba zai ji wannan zance baƙo a kunnensa ba, domin ya sani malamin nahawu ba ya kafa ƙa'ida ya tashi sai ya kawo mata shahidi, ko aya, ko baiti na mawaƙan Larabawa, ko wata magana da aka ji daga bakin Balaraben ƙauye. Malaman Basra da Kufa, a ƙarni na 2 na Hijira, da suka ga Larabci yana cuɗanya da harsunan waɗanda suka shigo Musulunci, lahani kuma yana yawaita har cikin karatun Alƙur'ani, sai suka ɗauki tawada da takarda suka nufi sahara. An ruwaito cewa Kisa'i, ɗaya daga cikin maƙaranta bakwai, ya tambayi Halilu ɗan Ahmad, mai Kitabul Aini, daga ina ya sami iliminsa, ya ce masa daga ƙauyukan Hijaz da Najadu da Tihama. Sai Kisa'i ya fita, bai komo ba sai da ya ƙarar da kwalba 15 ta tawada wajen rubuta abin da ya ji, ban da abin da ya haddace. Littafin Sibawaihi, almajirin Halilu, yana ɗauke da baiti kimanin 1,050 na shawahidi. Suna kuma da sharuɗɗansu masu tsanani: sun karɓa daga ƙabilu irin su Ƙaisu da Tamimu da Asadu da Huzailu, sun ƙi karɓa daga waɗanda suke maƙwabtaka da Farisa da Rum, sun kuma yanke wa mutanen birni lokaci, wajen tsakiyar ƙarni na 2, suka ce wanda ya zo bayan nan ba a kafa hujja da maganarsa. Allah ya saka musu da alheri, sun tsare mana harshen Alƙur'ani. Sai dai duk wanda ya zaɓa ya bari, kuma abin da suka bari, watau zancen 'yan kasuwar Basra da matan Kufa a cikin gidajensu, bai iso mana ba sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Abin sha'awa, Larabawan zamaninmu da suka tashi fassara wannan kalma ta Turanci, ɗaya daga cikin sunayen da suka fi amfani da shi shi ne mudawwana, sunan da kowane almajirin fiƙihun Malikiyya ya sani, domin shi ne sunan babban littafin da Imamu Sahnunu na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 240 ta Hijira, ya tattara mas'alolin Imamu Malik a ciki ta hanyar Ibnul Ƙasim. Mu ma a tsangayunmu muna da wani fanni da ya yi kusa da aikin masu kofas fiye da yadda su da mu muka lura. Alaramman da ya ƙware a harji, in ka ambata masa wata kalma ta Alƙur'ani, zai gaya maka sau nawa ta zo da wannan wasali, sau nawa da wancan, a wace sura da wace sura, me ya gabace ta me ya biyo ta. Abin da Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi ya tsara a littafi a Masar cikin 1945, abin da kwamfuta take yi yau cikin ƙiftawar ido, shi gwaninmu da ka yake yi, a bakin wutar ƙiskali ya koya. Ban ga dalilin da zai sa jikan wannan alaramma ya ji tsoron wannan ilimi don an ba shi sunan Latin ba.

A ƙasar Amurka aka fara yin irin wannan tari don kwamfuta yadda ya zama abin koyi. Malamai biyu na Jami'ar Brown, Nelson Francis da Henry Kucera, suka ɗauki abin da aka buga a ƙasarsu cikin shekara guda, 1961, suka kasa shi iri 15, da labarun jarida da sharhinta, da rubutun addini, da na ilimi, da na hukuma, da ƙagaggun labarai na soyayya da na ban dariya, sa'an nan suka yanko yanki 500, kowane yanki kalma wajen 2,000, jimilla kalma miliyan 1. A lokacin an ga abin kamar dutse don girma. Shekara 30 da ɗoriya bayan haka, a 1994, Ingila ta kammala nata mai kalma miliyan 100, kuma abin da ya fi burge ni a cikinsa shi ne kashi 10 cikin 100 da aka keɓe wa maganar baka: don wani sashe nasa aka sami mutane daga sassan ƙasar, manya da yara, maza da mata, masu hali da talakawa, aka ba su rikoda suka riƙa yawo da ita, tana ɗaukar hirarsu ta yau da kullum, daga baya aka zauna aka rubuta. A tsakanin waɗannan biyu, a 1987, John Sinclair da abokan aikinsa a Jami'ar Birmingham suka fitar da ƙamus wanda ma'anoninsa da misalansa daga irin wannan tari aka ciro su, aka kuwa tarar cewa ma'anar da tsofaffin ƙamusoshi suke sawa a farko sau da yawa ba ita mutane suka fi nufi ba.

Domin fa'idar abin ta fito fili, mu ɗauki kalmarmu ta ci. In ka tambayi ɗan makaranta ma'anarta zai nuna maka baki da tuwo. Amma mu da muke cin kasuwar Kwanar Ɗangora, muke cin bashi, muke cin jarrabawa, wani ya ci sarauta, wani ya ci amana, wani ya ci mutuncin maƙwabcinsa, wuta ta ci rumfa, tafiya ta ci kwana uku, riga ta ci kuɗi, mun san tuwo kaɗan ne daga cikin abin da Bahaushe yake ci. Mai taskar da aka tsara, in ya nemi wannan kalma, kwamfuta za ta jero masa duk wuraren da ta fito, kowanne da abin da ke gabansa da bayansa, ya ga wace ma'ana ta fi yawa a bakin mutane, wacce ta tsufa, wacce sabuwar shigowa ce, ya san wadda zai fara sawa a ƙamus da wadda zai fara koya wa yaron aji ɗaya. Haka nan gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin malaman Hausa. Sananne ne cewa a Hausar Zazzau bambancin namiji da tamata ya yi rauni, har a ce rigan Audu inda Bakano zai ce rigar Audu. Mu da muke zaune tsakanin birnin Dabo da ƙasar Zazzau, a wane gari ne wannan furuci yake fara juyawa, a bakin tsofaffi ya fi yawa ko a bakin samari? Wannan tambaya ce da ba a amsa ta da rantsuwa ko da girman rawani, sai da shaidu da aka ɗauko daga garuruwan aka ƙidaya.

Tara Hausa a rubuce don nazari ba yau aka fara ba, kuma tarihinsa yana da darasi game da ɗiba. Wani yaro mai suna Dorugu, mutumin ƙasar Damagaram, wanda aka kama bawa aka 'yanta shi, ya bi matafiyin nan Heinrich Barth har Turai a 1855. A Ingila wani malamin mishan, James Schön, ya zaunar da shi ya riƙa rubuta labarinsa da tatsuniyoyinsa, aka buga su cikin littafin Magana Hausa a 1885. Ka ga ke nan shekaru da dama kaso mai yawa na Hausar da Turai take karantawa daga bakin yaro ɗaya ta fito, mai karin harshen gari ɗaya. Dorugu ya komo, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912. Sai Frank Edgar, jami'in mulkin Turawa, wanda ya tara tatsuniyoyi da labarai da wasiƙu da malamai suka rubuta da ajami, yawancinsu a ƙasar Sakkwato, ya mai da su boko, aka buga su juzu'i 3 a Belfast tsakanin 1911 da 1913. Taska ce babba, amma sunansa ne a bango, malaman da suka riƙe alƙalami da tsofaffin da suka ba da labaran yawancinsu sun tafi ba a san su ba, matani ya iso mana isnadi ya yanke. Wanda ya fi kusa da cika sharaɗi shi ne Bargery, mai ƙamusun 1934, wanda ya yi fiye da shekara 10 yana zagaya ƙasashen Hausa tare da malamai mataimakansa, ya tara kalma wajen 39,000, yana kuma sa alama a jikin kalma cewa wannan ta Katsina ce, wannan ta Sakkwato, wannan ta Gobir ko Haɗejiya. Har gobe in gardama ta yi tsanani a kan wata tsohuwar kalma, wurinsa ake komawa.

Akwai kuma wata shaida da ta fito daga nan maƙwabtanmu, wadda ya kamata kowane ɗalibi na wannan yanki ya san da ita. Baba, mutuniyar Karo kusa da Zarewa ta ƙasar Rogo, an haife ta wajen 1877, shekarar da aka haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji. A ƙarshen 1949 da farkon 1950, a ƙasar Zazzau, ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, ta ba ta labarin rayuwarta da bakinta, tun daga zamanin hare-haren bayi da rinji, har aure da kishi da goyo da ƙawance da bori, ita kuwa tana rubutawa da Hausa kamar yadda aka faɗa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954, asalin Hausar bai ga ɗab'i ba sai bayan shekaru masu yawa. Tsohuwa ɗaya ce tak, ba ta yi karatun boko ba, amma don an zauna an saurare ta an rubuta, yau duniya ta san yadda macen karkarar kudancin Kano take tsara zance a wancan zamani. Sa'o'inta dubbai da suka zauna a Kiru da Yalwa da Burji sun tafi da nasu.

Yanzu kuma kalmar ta sami ma'ana ta uku a bakin masu ƙera na'urori, waɗanda suke koya wa kwamfuta fassara da amsa tambaya da rubuta wasiƙa. Su a wurinsu duk abin da aka kwaso daga intanet, komai yawansa komai hargitsinsa, sunansa kofas, kuma a ganina wannan sassauci ne da ya zubar wa kalmar da rabin mutuncinta. Tun 2013 kamfanin Google ya sa Hausa cikin harsunan da na'urarsa take fassarawa, wasu kuma sun biyo baya, kowace na'ura kuwa Hausar da aka ɗura mata ita take mayarwa. To, wace Hausa ce a intanet? Kaso mai girma labarun gidajen rediyon ƙetare ne, BBC da ta fara Hausa a 1957, da Muryar Jamus a 1963, da Muryar Amurka a 1979, sai fassarar littattafan addini, sai gajerun saƙonnin samarin birni. Ba na raina aikin waɗannan gidaje, sun yi wa harshen nan hidima mai yawa. Amma labarin duniya yawancinsa da Turanci yake isowa ɗakin labarai, a fassara shi cikin gaggawa agogo yana bugawa, shi ya sa za ka ji kowa yana taka muhimmiyar rawa, kowa yana cewa a ƙarshen rana, maganganun da kunnena yake jin ƙamshin Turanci a jikinsu. Abin da ya fi wannan ban tsoro shi ne, na'ura ta fassara shafi da gurguwar Hausa a zuba shi a intanet, wata na'ura ta zo ta kwashe shi a matsayin shaidar yadda Hausawa suke magana, ta koya, ta haifar da wanda ya fi shi gurgunta. A ilimin hadisi, mai ruwaya daga wanda ya ruwaito daga gare shi, suna juya magana ɗaya tsakaninsu, ba a ƙidaya su shaidu biyu.

Ba a ce 'ya'yanmu sun zauna sun naɗe hannu ba. A 2022 wata ƙungiyar masu bincike, a gabansu akwai Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero, ta fitar da tarin saƙonnin Twitter na Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka, wajen 30,000 a kowane harshe, mutane suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna sa alamar wanda yake yabo da wanda yake suka. Aiki ne na haƙuri, ya cika sharaɗin tsari. Sai dai duk mai irin wannan aiki yana karo da wata cuta da mu muka jawo da yatsunmu, ita ce zubar da ƙugiyar haruffa. In mutum ya rubuta ƙasa ba ƙugiya ta zama kasa, ɓata ta zama bata, ɗaki ya koma daki, kwamfuta kuwa ba ta san niyya ba, abin da ta gani shi take ƙidayawa, sai ta haɗa ƙasar noma da kasa kaya da kasa aiki a ƙarƙashin lissafi ɗaya. Dama rubutunmu ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, garin tuwo da garin sarki duk ɗaya suke a takarda. Bai kamata mu ƙara wa wannan nauyi da ganganci ba.

Ku dubi kuma abin da babu shi sam a cikin waɗannan tarin. Masuntan da suke kwana kan ruwan Tiga tun da aka gama madatsar a 1974, da sunayen kifayensu da komarsu da yadda suke kiran iska in ta juya. Matan da suke turara shinkafa a Tudun Wada, da kalmomin da suke bambanta wadda ta nuna da wadda ta ƙone da wadda ta karye a inji. Maharban da suka san dajin Falgore itace-itace. Tsofaffin da suka yi haƙar kuza a Riruwai, da Hausar da ta cuɗanya da ta Kurama a duwatsun Doguwa. Jikokin fataken Bebeji da suka gāji labarin hanyar Gwanja, waɗanda har yanzu za su iya gaya maka aikin madugu da na jagaba da na uban dawaki, da yadda ake ɗaure huhun goro a yayyafa masa ruwa kada ya bushe kafin a kai zango. Waɗannan mutane ba sa rubutu a intanet, kuma Hausarsu ita ce wadda fassara ba ta taɓa ba. In aka yi ƙamusun gobe da na'urar gobe daga abin da ke hannu yau, za a yanke wa harshen hukunci ba a kira su shaida ba, kalmar da ba a same ta a tarin ba kuwa, ɗan makarantar gobe zai ce ba Hausa ba ce.

Game da sunan da za mu kira abin da shi, na ji masu cewa kundi, amma kundi na malami ɗaya ne, ya ƙunsa abin da ya ga dama, ga shi kuma 'yan jami'a sun riga sun ba wa littafin neman digiri wannan suna. Diwani na waƙoƙin sha'iri ɗaya ne. Nassi ya yi nauyi, a bar wa Alƙur'ani da hadisi. Ni dai taskar matani nake cewa, domin taska ba a zuba mata kaya sai an zaɓa, matani kuma ya riga ya zauna a bakin malaman zaure da na jami'a baki ɗaya. In Cibiyar Nazarin Harsuna ta Jami'ar Bayero, wadda ta ba mu Ƙamusun Hausa a 2006, ta zo da wanda ya fi wannan, za mu bi.

Kirana ga malaman Hausa na sakandarorin waɗannan ƙananan hukumomi huɗu, da ɗalibanmu da suke neman abin da za su rubuta kundinsu a kai, shi ne su juyo gida. Wayar da ke aljihunku ta fi rikodar da Turawan Ingila suka yi yawo da ita. Ku nemi izinin dattijo ko gyatuma tukuna, ku gaya musu abin da za a yi da maganarsu, wanda ya ƙi a bar shi, asirin gida kuma kada a ɗauka, gama magana amana ce. Wanda ya yarda, ku bar shi ya yi zancen sana'arsa yadda ya saba, kada ku gyara masa zuwa Hausar littafi, kada ku sa masa kalma a baki. In kun zo rubutawa ku rubuta abin da ya faɗa, ba abin da kuke ganin ya kamata ya faɗa ba, ku sa wa kowane harafi ƙugiyarsa, ku rubuta garin da shekarun mai magana da sana'arsa da ranar da aka ɗauka, ku kai kwafi sashen Hausa na kwaleji ko jami'a mafi kusa da ku, ku bar kwafi a makarantarku. Gidajen rediyo kuma, har da wannan da nake magana daga cikinsa, kada a goge tsofaffin faya-fayan hira da manoma da makaɗa da masu sarauta don neman wurin sabon shiri. A juye su a adana. Sarakunanmu da hakimai da dagatai, ku buɗe wa yaran nan ƙofa in sun zo da sallama.